Kifi ya ja baya a ruwanku: rufe ruwa, hana ƙaramar raga, ko zuba iri?

Daga Yawuri zuwa Nguru, daga Madarunfa zuwa Doron Baga, kukan masunta ɗaya ne: kifi ya yi wuya, wanda ake samu kuma ya ƙanƙance. Mutum ya kwana a kan ruwa ya dawo da abin da bai cika daro ba, rabinsa 'ya'yan karfasa da ba su kai tafin hannun yaro ba. Idan aka zauna a ƙofar sarkin ruwa don neman mafita, shawara uku ce ke yawo. Wasu su ce a rufe ruwan na wani lokaci. Wasu su ce laifin raga ne, a hana mai ƙananan ido. Wasu kuma, musamman in akwai wani mai kuɗi ko wata ƙungiya da ta yi alƙawarin taimako, su ce a sayo 'ya'yan kifi a zuba. Duka ukun an gwada su a Najeriya da Nijar, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawan garuruwanmu ba su da halin ɗaukar ukun lokaci guda, don haka dole a san wadda za a fara da ita.

Abin da zai raba gardama tun farko shi ne irin ruwan da kuke da shi. Akwai tafkin da ke zaman kansa, ruwan sama ke cika shi, ba ya haɗuwa da kogi ko sau ɗaya a shekara, kamar tafkunan da suka yi yawa a jihohin Tawa da Damagaram da ƙananan madatsun ruwa na Kano da Katsina. Akwai fadamar da kogi ke malalowa cikinta da damina ya janye da rani, irin ta Haɗeja da Nguru ko ta gulbin Rima. Akwai kuma babban ruwa da garuruwa da yawa suka kewaye, irin Kainji ko Tafkin Cadi, wanda babu sarkin ruwa ɗaya da zai ce nasa ne. Maganin da ya yi wa na farko aiki yakan zama asarar kuɗi a na biyu.

Rufe ruwa shi ne mafi tsufa a cikin ukun, kuma ba daga waje aka kawo mana shi ba. Kogin Matan Fada a Argungu a rufe yake duk shekara a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar bikin kamun kifi. Bikin ya samo siffarsa ta yau ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Mutane na zuwa kallon giwan ruwa mai nauyin babban mutum, amma ba kowa ke tambayar yadda aka yi kifin ya kai haka ba. Ya kai ne domin an ƙyale shi ya girma, ranar da aka buɗe ma da homa da gora kawai ake shiga, na ɗan lokaci, a fito. Haka Badawa suke yi a Gorgoram, haka ake yi wa tafkin Nwonyo a Ibi ta jihar Taraba.

Dalilin da ya sa rufewa ke aiki yana cikin rayuwar kifin kansa. Yawancin kifayen ruwanmu da farkon damina suke haihuwa, lokacin da sabon ruwa ya fara hawa ciyawa. Tarwaɗa takan bi ruwan ta shiga fili ta zuba ƙwai a cikin ciyawar da ya rufe. Bargi yakan gyara sheƙa zagayayya a ruwa maras zurfi, iyaye su tsaya suna gadin 'ya'ya, abin da ya sa kama su a lokacin bai fi ƙarfin ƙaramin yaro da mashi ba. Karfasa kuwa, wanda ya taɓa matsa kumatun macen da aka ciro daga raga a watan Agusta ya san abin da ke zubowa: ƙwai rawaya cike da baki, wani lokacin 'ya'ya ne da suka riga suka ƙyanƙyashe suna motsi a tafin hannu. A bakinta take renon su. Kifi ɗaya aka jefa a kwale-kwale, amma ɗaruruwa ne suka mutu tare da ita.

Babbar fa'idar rufewa a kan sauran biyun ita ce sauƙin tsaro. Ba sai an auna komai ba, ba sai an yi gardama ba. Duk wanda aka gani a kan ruwa da kayan su ya karya doka, kuma matar da ta je wanki ma za ta iya ba da shaida. Ba a buƙatar ko sisi a fara. Ga kuma wata sa'a da Allah ya ba mu: watannin haihuwar kifi su ne watannin noma, don haka masuncin da ke da gona yana da inda zai kai ƙarfinsa daga Yuni zuwa Satumba.

Sai dai ba kowane masunci ke da gona ba. Sarkawa da yawa da baƙin masunta da ke bin ruwa daga gari zuwa gari ba su da sana'ar da ta wuce su, haka matan da ke banda da suya da talla. A ce musu su zauna wata uku ko huɗu, a daidai lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa, magana ce mai nauyi, kuma duk garin da ya yanke hukuncin rufewa bai tambayi waɗannan mutane abin da za su ci ba, da dare za a riƙa shiga ruwansa. Gana ta ga wannan a bakin teku: lokacin da ta rufe wa masu kwale-kwale su na wata guda a 2019, abin da ya fi tayar da ƙura shi ne abincin iyalai a cikin watan, da zargin cewa manyan jirage ne suka cinye kifin aka zo ana hukunta ƙanana.

Aibi na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Idan aka rufe ruwa wata huɗu sannan aka buɗe kowa ya afka da duk abin da ya mallaka, cikin mako biyu za a kwashe abin da aka tara, har da 'ya'yan da aka yi rufewar dominsu. An jinkirta kisan ne kawai. A fadama kuma akwai abin da ya kamata a lura da shi sosai: tsakiyar damina ba ita ce lokacin da kifi ya fi shiga haɗari ba, domin a lokacin ya warwatsu cikin ciyawa, kama shi ma wahala ne. Haɗarin yana wuri biyu. Na farko a bakin mashigi, lokacin da iyayen kifi ke hawowa daga kogi su tarar an gitta dumba, wato shingen tare kifi, daga gaɓa zuwa gaɓa, an jera tarkunan gura a jikinta. Na biyu a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya janye kifin duk ya taru a 'yan gurabe masu zurfi, sai a kawo injin ban ruwa a zuƙe gurbin ƙaf, a tsince komai a cikin taɓo har gaiwa. Waɗannan kifayen da ke gurbi su ne irin baɗi. Wanda ya zuƙe gurbi kamar manomin da ya daka irin shukarsa ne ya yi tuwo. Saboda haka a fadama, keɓe gurbi ɗaya ko biyu mafi zurfi a ce ba mai taɓa su rani da damina ya fi rufe dukkan ruwan na wata uku amfani, kuma ya fi sauƙi a kan talaka, tunda sauran ruwan a buɗe yake.

Maganar raga ita ce wadda masana suka fi so, kuma a kan takarda suna da gaskiya. Idan idon raga ya yi faɗin da ƙaramin kifi zai wuce, kowane kifi zai samu damar haihuwa ko sau ɗaya kafin a kama shi, kuma ana iya su duk shekara ba tare da an rufe wa kowa hanyar abinci ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya ta 1992 ta ƙayyade milimita 76, wato inci uku, a matsayin mafi ƙanƙantar ido, in ban da ragar da aka keɓe wa warangi, ƙananan fararen kifayen nan da ba sa girma, ta kuma haramta guba da nakiya da lantarki. Dokar tana nan fiye da shekara talatin. Duk wanda ya leƙa rumfar masu sayar da raga a kasuwar bakin ruwa zai ga mai ido yatsa ɗaya da mai ido yatsa biyu a rataye a fili, kuma su aka fi saya.

Kainji ne wurin da aka fi gwada wannan hanya da gaske. An kammala madatsar a 1968, kifi ya yi ambaliya a shekarun farko kamar yadda yakan yi a kowane sabon tafki, sannan ya faɗi. A 1993 aka fara wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus don farfaɗo da su a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa. An ƙidaya jirage da raguna, jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokinsu, aka shigo da sarakunan ruwa cikin ba da lasisi, aka kuma sa dalla a gaba. Dalla ita ce doguwar ragar nan mai ido kamar gidan sauro da ake ja daga gaɓa. Don warangi ake jan ta, amma in aka juye ta a kan yashi, cikin tarin farin warangin za ka ga 'ya'yan giwan ruwa da faliya da karfasa masu tsawon ɗan yatsa, duk a shanya su tare a auna a mudu. An haramta ta, ta ragu na wani lokaci, amma da shirin ya ƙare kuɗin sintiri suka yanke, ba a rabu da ita ba. Wannan a tafkin da ke da cibiyar bincike a bakinsa da tallafin ƙasar waje ke nan.

Abin da ke karya dokar raga abu uku ne, kuma kowanne ya isa shi kaɗai. Tsaronta na buƙatar a bi kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya da ma'auni, da rana da dare, kuma inda duk aka ba mutum ikon ƙwace kayan wani an buɗe ƙofar na goro. Sannan ragar da ke hannun masunci sau da yawa bashi ce daga dillalin da ke sayen kifinsa. A ce ya jefar da ita ya sayi wata, kuma ya jure watannin farko da babbar ragar za ta riƙa fitowa kusan fayau domin manyan kifin ba su wanzu ba tukuna, wannan sai wanda ke da abin ajiya. Na ukun shi ne ruwanmu ba kifi iri ɗaya ke cikinsa ba. Kawara da warangi da wasu ƙurungu ko sun tsufa ba za su tsaya a raga mai inci uku ba. Su ne kuma kifin miyar talaka. Doka ɗaya a kan kowane ido tana kare giwan ruwa ta hana mai ƙaramin ƙarfi abin da babu laifi a kama shi.

Wannan bai sa in ce a bar maganar kayan su ba. Akwai waɗanda hana su ba ya buƙatar ma'auni ko mahawara, kuma gari zai iya yi da kansa gobe: zuba guba, ko ta magimfa ce ko maganin ƙwari na gona, wanda ya fi muni domin yana bin kifin har cikin tukunya, jan gidan sauro a gaɓar da 'ya'yan kifi ke kiwo, zuƙe gurbi da inji, da dumbar da ta toshe mashigi gaba ɗaya. Ita dumba ba lallai a ce a cire ta ɗungurungum ba, tunda a wurare irin Tafkin Cadi mutane da yawa da ita suke ci, kuma masu iko na karɓar kuɗi a kanta. Abin da ake iya cimma shi ne a bar ƙofa a tsakiya, kuma kada a kafa ta lokacin hawan kifi, sai lokacin da ruwa ke komawa. Faɗin ido kuwa a bi shi sannu, a ce duk wanda ragarsa ta mutu kada ya maye ta da ƙarama. Ragar roba ba ta daɗewa, don haka cikin 'yan shekaru sauyin zai zo ba tare da an ƙona kayan kowa ba.

Zuba iri shi ne ya fi daɗin gani. Mota ta zo da jarkoki, a taru, a yi addu'a, a juye dubban 'ya'yan tarwaɗa a ruwa. Ina da shakka a kansa fiye da sauran, amma yana da wurinsa, kuma a wurin nasa babu abin da ya kai shi. Tafkin da ba ya haɗuwa da kogi, in ya ƙafe a shekarar fari ko aka kwashe shi, babu ta inda kifi zai dawo, ko an rufe shi shekara goma. A nan dole a kawo iri. Nijar ta daɗe tana yin haka a tafkunanta, kuma Tabalak a jihar Tawa misali ne na tafkin da kifin da aka zuba ya mayar da shi wurin su da mutane ke ci da iyalansu. A kogi ko fadama kuwa, kifin da kuka saya zai bi ruwa ya tafi garin gaba, kuma adadin da mota za ta kawo bai kai abin da 'yan tarwaɗa mata kaɗan za su zuba a damina ɗaya ba in an bar su da rai, tunda babbar mace guda na ɗauke da ƙwai dubbai masu yawa.

Ko a rufaffen tafkin ma akwai sharuɗɗa. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo sun saba da abinci a baki; in aka zuba su suna ƙanana ƙwarai, zalɓe da tsari da manyan tarwaɗar da ke ciki za su gama da su cikin kwanaki. Gara a sayi kaɗan da suka ɗan tasa da a sayi masu yawa 'yan mitsi-mitsi. Karfasa ita kaɗai in ta samu tafki takan hayayyafa har ta cika shi da ƙanana da ba sa girma, sai an haɗa ta da mai cin ta kamar tarwaɗa. Sau da yawa ma ba sai an je gidan kiwo ba: a kamo iyaye masu lafiya daga ruwa mafi kusa, a ɗauko su da sanyin asuba, sun fi arha kuma sun san irin ruwan. Kifin da ba na yankin ba kuwa a guje shi. Giwan ruwa ɗan gida ne a Kogin Kwara da Tafkin Cadi, amma da aka kai shi Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950 ya share nau'o'in ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa da babu su a ko'ina sai can. A ƙaramin tafki ma zai iya cinye komai sannan ya rasa abin ci. Abu mafi muhimmanci, iri ba ya tsayawa da ƙafarsa: in ba a rufe tafkin aƙalla wata shida bayan zubawa ba, an sayo wa masu ƙaramar raga kifi ne da kuɗin gari. Duk wanda ya zaɓi zuba iri ya zaɓi rufewa tare da shi.

Akwai abin da ya fi ƙarfin ukun nan duka, kuma rashin adalci ne a ɗora wa masunci laifinsa. Yawan kifin fadama yana bin faɗin ambaliya ne: shekarar da ruwa ya malala da nisa, kifi ya yi yawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar Haɗeja da Nguru ya sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu wurare suka nutse dindindin wasu suka bushe. Tafkin Cadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin 1970 da 1980 da 'yan kai. Garin da matsalarsa ita ce ruwa ba ya iso masa, aikin gayya na yanke kacalla a mashigi zai fi masa kowace doka amfani a shekarar farko.

Idan aka ce in zaɓa wa gari, ga yadda nake gani. Mai rufaffen tafki da har yanzu akwai kifi a ciki ya rufe da damina, ya kuma ƙayyade kayan da za a shiga da su ranar buɗewa. In tafkin ya riga ya mutu, ya zuba iri sau ɗaya ya rufe. Mai fadama ya manta da sayen iri, ya keɓe gurbi mafi zurfi, ya buɗe mashigi lokacin hawan kifi, ya hana inji da guba. Mai zaune a bakin babban ruwa irin Kainji shi ne kaɗai ba shi da mafita sai dokar raga da hannun hukuma, domin in ya rufe gaɓarsa shi kaɗai maƙwabcinsa ne zai kwashe amfanin. Abin da zai iya da kansa shi ne kare lungunan ciyawa da ke gabansa inda kifi ke haihuwa, ya kuma nemi sauran sarakunan ruwa su yi magana da murya ɗaya. A ukun nan, biyu rufewa ce ke gaba, kuma ba don ta fi dokar raga inganci ba, sai don ita ce gari zai iya tsarewa da idonsa ba tare da jiran kowa ba.

Kowace aka ɗauka, a yanke ta tun watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, a gaban masu dumba da baƙin masunta da matan banda da dillalai, domin dillalin da ya yarda ba zai sayi ƙaramin kifi ba ya fi masu gadi goma. A faɗi iyakar wurin da aka keɓe da alamar da kowa ya sani, a kafa turaku. A faɗi tarar da wanda zai riƙe ta da abin da za a yi da ita, kuma ta hau kan ɗan sarkin ruwa kamar yadda za ta hau kan baƙo. A rubuta, hakimi da jami'in kula da kifi na ƙaramar hukuma su sa hannu, don ranar da aka kama wani mai ɗaurin gindi a samu takardar nunawa. Sannan a sa mutum ɗaya mai rubutu a bakin ruwa, ranar kasuwa kawai, ya riƙa auna tsawon karfasa da tarwaɗa ashirin na farko da aka sauke yana rubutawa a littafi. Bayan damina biyu littafin zai nuna ko kifin na ƙara girma, kuma da shi za a san ko a ci gaba da abin da aka zaɓa ko a ƙara mataki na gaba.